Mai Kunne da Injin Jirgina

A tashar fitonmu babu wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa, har matarsa in ta aiko da abinci cewa take a kai wa Mai Kunne. Ni kuwa uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ina da damar gaya masa duk abin da ya zo bakina, shi ma bai taɓa raga min ba. Ni jirgin fito nake tuƙawa, ina ƙetarar da mutane da buhunansu da awakinsu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shi kuma gyaran injin da ake rataya wa jirgi a baya ne sana'arsa, musamman ɓangaren wuta, wato duk abin da ke faruwa daga lokacin da ka murɗa makulli zuwa lokacin da inji ya kama.

Shagonsa rumfar kwano ce a saman gangaren da ke sauka bakin ruwa. Akwai rabin duro cike da ruwa inda ake tsoma farfela a gwada inji, akwai batura jere a kan katako, wayoyi ja da baƙi rataye a ƙusoshi, sai wata kujerar mota da soso ya leƙo ta ko'ina. A kan kujerar nan ya yi suna. Tun yana saurayi ya bar kamun kifin ubansa ya tafi koyon gyaran wutar mota, ya dawo daidai lokacin da injinan makulli suka fara shigowa tasharmu, babu wanda ya san kansu. Masu jirgi sun saba da igiya: ka ja, in ya ƙi ka zage shi ka sake ja. Inji mai makulli kuwa in ya ƙi, sai dai ka tsaya kana kallonsa yana kallonka.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne ba ya tashi. Ka zo da gumi da ɓacin rai, fasinja na jiranka, shi yana zaune da kofin shayinsa. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya, kowa ya yi tsit, ya leƙa wajen jirginka ya ce, “Murɗa mu ji.”

Ka murɗa. In aka ji wani tar-tar-tar da sauri, zai ce batirinka ya ji yunwa, ko kuma kan batirin ya yi datti, je ka kankare. In inji ya yi gurnani a hankali kamar mai barcin da ba ya son tashi, zai tambaye ka yaushe rabonka da caji. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin gwangwani a jikin inji, shi ke buɗe wa babbar wuta hanya zuwa sitata, wato abin da ke fara juya inji; masu gyara na da sunan da suke kiransa, mu dai mai ƙas muke ce masa, don ƙarar da yake yi ke nan. To ƙas ɗin nan kaɗai, Mai Kunne ya san kala-kalarsa: akwai na mai lafiya, akwai na wanda wuta ba ta ishe shi ba. In kuwa ka murɗa aka ji shiru, sai ya kurɓi shayinsa tukuna ya ce, “Duba giyarka, a firi take?” Rabin masu zuwa da kukan inji ya mutu, giya suka bari a ciki. Sai su mayar da ita firi, inji ya tashi, su tafi suna sosa ƙeya, 'yan tasha na yi musu dariya.

Akwai kwan fitila mai waya biyu da masu gyara ke dangwalawa su ga ko wuta ta iso wuri. Shi ya raina abin nan ƙwarai. Cewa yake na 'yan koyo ne, wanda Allah ya ba kunne me zai yi da fitila da rana tsaka. Yana da girman kai a kan sana'arsa, wannan ba zan ɓoye ba, amma ya cancanta.

Da kafaɗata ta dama ta lalace, jan igiya ya gagare ni, sai na sayi injin makulli na hannu. Tun ranar ya laƙaba min Malalaci. Ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya, “Malalaci, yatsan bai gaji ba? Ko a nemo maka wanda zai riƙa murɗa maka?” Ni kuma in ce masa ai gara ni, ina motsa yatsa, shi kujera ta kusa haɗiye shi.

Ciwon ya zo masa a hankali. Mutumin da ya yi rayuwarsa kansa na jikin inji, dole wata rana inji ya karɓi ladansa. Rediyon shagon ya fara ƙara ƙarfi har masu sayar da kifi na ƙorafi. Ka tambaye shi ina gajiya, ya ce maka ai ya sayar. Da farko abin dariya muka mayar da shi, ni ne ma kan gaba. Sai da na lura in ya ce a murɗa, ba kunne yake karkatawa ba, fuskar mai jirgin yake kallo yana neman amsa a can, sannan na daina dariyar. Na same shi shi kaɗai na ce, “Ɗan kawu, kunnen nan fa?” Ya ce kunnensa ƙalau, bakina ne ya tsufa ba ya fitar da magana.

Ɓoyon bai yi nisa ba. Wani mai jirgi da muke kira Dogo ya kawo inji mai wasa da tashi. Mai Kunne ya ce a murɗa, ya yi jim kamar yadda ya saba, ya ce batir ne. Dogo ya canza batir, ya ɗebi mata 'yan kasuwa, a tsakiyar kogi ya kashe inji don ya cire ciyawa daga farfela, da ya murɗa sai shiru. Ruwa ya yi ta jansu, mata na salati, sai da wani jirgi ya bi su ya jawo su. Ba wanda ya rasa ransa, amma Dogo ba mai riƙe baki ba ne. Kafin mako ya zagayo, masu jirgi sun koma loda injinansu a bayan babur suna kaiwa cikin gari. Suna wucewa ta gaban rumfar, su ɗaga masa hannu, su kau da kai.

Sai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi muni. Wani masunci da bai ji labari ba ya kawo injinsa. Mai Kunne ya buɗe murfin, ya sa hannu kusa da babban faifan nan mai haƙora da ke saman inji. Masuncin ya ce, “Zan murɗa, Baba,” ya ga bai hana ba, ya murɗa. Faifan ya kama hannun rigarsa ya yage har kafaɗa, ya ɗebe masa fatar bayan hannu. Da yatsu ya kama, da yanzu wani labarin nake ba ku. Ranar matarsa ba ta yi shawara da kowa ba ta kira babbar 'yarsu a waya.

'Yar nan tela ce a babban birni, tana da shago da kekuna da masu yi mata aiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwata, kuma wallahi sunan ya bi ta, don ita kaɗai ce ke ba shi umarni ya yi shiru. Taurin kansu ɗaya. Ta zo ta ga hannun a naɗe, ta zauna a gabansa inda zai ga bakinta, ta yi magana dalla-dalla. Ta ce ta gyara musu ɗaki a gidanta, shi da Inna, mahaifiyarta. Ta ce da zarar ruwan sama ya ɗauke, hanya ta yi kyau, za ta zo da mota ta kwashe su, a rufe shagon. Ta ce, “Baba, na fi son in gan ka zaune kana fushi da ni da in zo in tarar an yanke maka hannu.”

Ba wanda zai ce ba ta da gaskiya. Amma ni na san ɗakin, na taɓa kwana a ciki: hawa na biyu, taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, da talabijin ɗin da ba zai ji abin da yake faɗa ba. Na san in aka sa Mai Kunne a ɗakin nan, ba zai daɗe ba. Shi ma ya sani. Bai yi mata musu ba, bai kuma ce to ba.

Washegari na ga ya sauke buhu ya rufe gaban rumfar. Na ɗauka zuciya ce ta ci shi, na leƙa don in tsokane shi ko ya saki rai. Sai na tarar ya ɗaure wani tsohon inji a bakin duro, ya jera batura, mai rai da mai rabin rai da matacce, matarsa na zaune a kujerar motar riƙe da makulli, fuskarta a murtuke. Ya ɗora yatsu a kan mai ƙas, ya gyaɗa mata kai, ta murɗa. Ya girgiza kai. Ya canza batir, ta sake murɗawa. Ya sake girgiza kai.

“Amarya,” na ce mata, don haka nake kiranta duk da jikokinta, “an ɗauke ki aiki ke nan? Nawa ne albashin?”

“Ka bar ni da abin da ke damuna,” ta ce. “Wai da hannu zai riƙa gane ciwon inji. Hannun da ko garwashi ya ɗauka ba ya sani.”

Nan matsalar take. Yatsun Mai Kunne sun yi kanta, ruwan batir da ƙarfe sun mayar da su kamar itace. Mai ƙas na bugawa a ƙarƙashinsu, shi bai san an yi ba. Wani zai haƙura a nan. Shi kuwa sai ya ɗauko samfefa mai laushi, wadda yake goge kan batir da ita, ya shiga goge yatsunsa. Kullum da safe ya jiƙa su a ruwan ɗumi, ya goge, sannan ya lakato man shafawar matarsa ya mulke. Ranar da na kama shi yana shafa man nan mai ƙamshin fure, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na matsa kusa da kunnensa na hagu, wanda ke ɗan ɗaukar ihu, na ce saura jan baki da gazal. Ya ce in na gama haushin in miƙo masa sifana mai lamba goma.

Ya daina ɗaukar tukunya mai zafi, ya daina kama igiyar jirgi, yana lallaɓa yatsun nan kamar jariri. A hankali suka fara gaya masa gaskiya. Ya fara bambance bugu ɗaya mai ƙarfi da rawar da mai ƙas ke yi in wuta ta gaza. Ya sa matarsa ta riƙa canza batir a bayan idonsa, shi ya faɗi wanne ta sa. In ya kuskure ta ce masa ya faɗi, da murnarta kuwa, don ita a lokacin tana bayan 'yarta. Kwan fitilar da ya raina shekara da shekaru, shi da kansa ya haɗa sabo, ya rataya a wuya. Ban tsokane shi a kan wannan ba, don na san girman kan da ya haɗiye kafin ya yi haka.

Saura maganar haɗari, wadda ita ce hujjar Uwata. Sai ya samo igiya siririya mai tsawo, ya ɗaura bakinta ɗaya a wuyan hannunsa, ɗayan a hannun mai riƙe da makulli. Ya kafa doka: ba mai murɗawa sai ya ji an ja shi sau ɗaya, in an ja sau biyu ya saki. Magana ba ta aiki, gyaɗa kai ba ya aiki, igiya kawai. Duk wanda ya murɗa ba a ja shi ba, ya ɗauki injinsa ya bar rumfar.

Ana cikin haka nawa injin ya fara iskanci. Wata safiya ya tashi da murɗa ɗaya, wata safiyar ya yi ƙas ya yi shiru. Na kankare kan batir har yana ƙyalli, na canza fis, na aro batirin maƙwabcina, duk a banza. In ya ƙi, sai in buɗe murfi in naɗa igiya a faifan in roƙi wani ƙaƙƙarfa cikin fasinja ya ja min. Mai jirgi na roƙon fasinja, ai ka san girma ya zube. Na ce wa Mai Kunne ya duba min, ya ce a'a, bai gama shiri ba, ba zai sake taɓa injin mutum da ƙila-wa-ƙala ba. Na ce to zan kai gari. Ya ce in kai mana. Ban kai ba, na ci gaba da roƙon fasinja ina zaginsa a zuci.

Ruwan sama ya ɗauke, hanya ta bushe. Wata safiya sai ga a-kori-kura ta tsaya a saman gangare, Uwata ta fito daga gaba da ɗaurin ɗankwalinta na yaƙi. Ta riga ta biya gida, katifa da akwatuna da tukwanen Inna na bayan motar, ita kanta Inna na zaune a ciki. Saura mutum ɗaya da akwatin kayan aikinsa. Ni kuma a daidai lokacin ina bakin ruwa da jirgi cike, na murɗa na murɗa, ƙas, shiru. An ja igiya har ta tsinke. Fasinja suka sauka suka koma jirgin Dogo, wata tsohuwa na cewa dama ta ga alamar jirgin nan ya gaji kamar mai shi.

Mai Kunne ya fito daga rumfa, ya dubi motar, ya dubi jirgina. Ya ce, da muryar nan tasa da ta koma sama tun da ya daina jin kansa, “Uwata, ki bar ni in duba injin Malalaci. In ya gagare ni, da ƙafata zan shiga motar nan, ba za ki ji bakina ba.”

“In kuma ya tashi fa?” ta ce.

“Sai ki faɗi abin da kika gani.”

Ta dubi tabon hannunsa. Sannan ta juyo gare ni. “Baffa, wa zai riƙe makullin?” Na ce ni mana, jirgina ne. Ta ce a'a, ta san ni da surutu, zan shagala in murɗa a kan hannun ubanta. Ta tattare zaninta, ta cire takalmi, ta shiga jirgin da ke warin kifi, ta miƙa hannu aka ɗaura mata siririyar igiyar nan tasa. Ni aka bar ni a tsaye kamar baƙo a jirgina.

Bai yi gaggawa ba. Ya fara taɓa giya ya tabbatar tana firi. Ya buɗe murfin inji, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya ɗora yatsu biyu a kan mai ƙas, ya rufe ido, ya ja igiya. Uwata ta murɗa. Ya ja sau biyu, ta saki. Ya ce, “Yana bugawa. Makulli da fis ba ruwansu. Ƙaramar wuta na zuwa, babbar ce ba ta isowa.”

Ya koma gaban jirgi inda batir yake a ƙarƙashin benci, ya dangwala fitilarsa a kan batirin, ta kama. Ya ja igiya, aka murɗa, fitila ba ta ko ƙifta ba. Ya ce batir lafiyarsa ƙalau, a mayar wa maƙwabcina abinsa da godiya. Ya dawo baya, ya dangwala a inda manyan wayoyin suka shiga inji. Ta kama tar, har na ce to ai ga wuta nan. Ya ja igiya. Ana murɗawa fitilar ta mutu murus, ana saki ta dawo. Ya maimaita, haka. Ya ɗago ya dube ni. “Wutar na barin gida lafiya, a hanya ake tare ta. Tana isa ta kunna fitila, ba ta isa ta juya sitata ba. Akwai inda waya ta kusa rabuwa.”

Ya ce inda wuta ke matsewa, wurin zafi yake yi. Sai ya sa Uwata ta riƙe makullin a murɗe na ɗan lokaci, ta saki, shi kuma ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da yatsun nan nasa masu ƙamshi. Kan batir, sanyi. Inda baƙar waya ta kama jikin inji, ya kwance ya goge ya ɗaure, sanyi. Bakin mai ƙas, sanyi. Bakin sitata, sanyi. Aka murɗa, ƙas, shiru. Ya sake bi daga farko. Rana ta take, gumi na ɗiga daga gemunsa, 'yan tasha sun taru a gangare, wasu na tausayi, wasu sun zo kallon ƙarshen Mai Kunne. Direban motar ya gaji ya shiga danna ham. Mai Kunne kam ko a jikinsa, karo na farko da na ga kurumta ta yi wa mutum rana.

Uwata ta ja igiyar da kanta don ya dube ta. Idonta ya kawo ruwa. “Baba, ya isa. Ka yi ƙoƙari, kowa ya gani. Ba abin kunya ba ne.”

“Ban gama ba,” ya ce. “Saura wuri ɗaya.”

Na ga inda idonsa ya sauka, na kuma gane dalilin da ya sa ya bar shi ƙarshe. Duk jirgin da ke tasharmu, wayoyin batir a cikin tiyon ruwa suke, an zura su tun daga benci har baya, a ƙarƙashin katakon da ake takawa. Ba a yin haka a wasu tashoshin. Dabarar Mai Kunne ce tun yana da baƙin gashi, don kada ɓera ya ci waya, kada buhu ya goge ta, kada ruwan cikin jirgi ya taɓa ta. Muna alfahari da abin, baƙon mai jirgi in ya zo har nuna masa muke. Shi ya zura na jirgina da hannunsa. Mutum zai zargi kowa kafin ya zargi abin da ake yaba masa a kai.

Ya sa aka ɗaga katakon. Ya durƙusa, ya ɗago tiyon daga tsakiya inda ya lotsa, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya karkata shi. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ja igiya, aka murɗa aka riƙe, ya bi tiyon a hankali da yatsu, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya ja sau biyu. Ya cire kan batir, ya zaro wuƙa ya tsaga tiyon. Wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsiyayo a kan ƙafarsa. Ruwan sama da na kogi sun daɗe suna shiga ta baki, ba su da hanyar fita, waya na kwance a ciki wata da watanni. Ya lanƙwasa jar wayar, ya ce yana jin tana ɓarɓashi a ciki. Ya fere robar. Jan ƙarfen ya koma kore, gari na zuba, 'yan silla kaɗan ne suka rage a haɗe.

Ya ɗaga wayar sama yadda duk na gangare za su gani. “Aikina ne wannan,” ya ce da ƙarfi. “Ni na koya muku, kuma kuskure ne. Na tsare ta daga ɓera na jiƙa ta a ruwa.”

Ya aike ni rumfa na ɗauko sababbin wayoyi masu kauri. Ya bi da su ta gefen jirgi, sama da inda ruwa ke kaiwa, ya kafe su, ya shafa giris a bakunan, ya ɗaure tam. Ya janye hannunsa daga inji, ya nuna wa Uwata tafukansa biyu don ta ga ba abin da ke kusa da faifan, sannan ya ja igiya.

Injin ya kama tun kafin ta gama murɗawa. Hayaƙi ya tashi, ruwa ya tafasa a bayan jirgi, gangare ya ɗauki ihu. Ni ban san lokacin da na rungume wani mai sayar da kankana da ba ma ko gaisawa ba.

Shi bai tsaya karɓar barka ba. Ya kwance igiyar, ya ɗauki wuƙarsa ya tsallaka jirgin da ke kusa, ya ɗaga katako ya tsaga tiyo. Ruwa ya zubo. Ya wuce na gaba. Masu jirgi suka taso suna ihu, wa ya ba ka izini, tsoho ka haukace ne, shi ko waiwaye. Dogo ya dawo daga ƙetare ya tarar ana farke masa jirgi, ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ga abin da ke tsiyaya daga nasa tiyon, ya rufe bakin. Can ya ce a hankali, wai ko Baba zai samu lokaci gobe.

Uwata na zaune a jirgina, igiya na lilo a hannunta, tana kallon ubanta yana tsallake jirage da wuƙa. Ta share ido da bakin mayafi. “Baffa,” ta ce, “in na kai wannan gidana, ai sai ya kwance min wayoyin gida kaf.” Ta hau gangare ta ce wa direba ya juya ya sauke kayan inda ya ɗauko su. Inna ta fito daga motar tana mita, wai an sa ta naɗe labule a banza, amma na ga sauri take kamar kada a canza shawara.

Kafin ta tafi ta dawo bakin ruwa ta tsaya a gabansa. Ta ce igiyar nan, ko injin wa ye, ko na minti ɗaya ne, in ta ji labarin ya taɓa inji ba tare da ita ba, ranar za ta dawo, kuma ba za a yi ciniki ba. Ya ce ya ji. Ta ce bai ji ba, ya dai gani, ya maimaita mata. Ya maimaita kamar ɗan makaranta.

Injina na nan yana aiki, ban kashe ba don tsoro. Mai Kunne ya dafa murfin da tafin hannu, ya daɗe a haka. Sannan ya kamo hannun 'yarsa, ya rage murya iya yadda zai iya, amma duk mun ji.

“Uwata, na san ya tashi, ina jin rawarsa. Amma gaya min tsakaninki da Allah, yaya kukansa? Da daɗi?”

Yarinyar nan tun tana ƙarama take toshe kunne in ta kawo masa abinci, ba ta taɓa son ƙarar inji ba. Ta tsaya ta saurara da gaske, kanta a karkace. Sai ta gyaɗa masa kai da ƙarfi, hawaye na zuba.

Ya saki hannunta, ya goge fuska da gefen riga, ya juyo gare ni. “Malalaci, me kake jira? Ga mutane can sun taru. Ɗebi ka ƙetare, ka dawo ka riƙe min makulli, jiragen nan duk sai an canza musu waya.”